Matambayi Ba Ya Ɓata: Yadda Rumawan Da Suka Tafiyar da Mulkinsu

A fitowar da ta gabata na ambata, a tsakiyar wata magana ta daban, cewa kalmar sanata da muke kiran 'yan majalisar dattawa da ita daga harshen Rumawa ta fito, ashe wannan 'yar magana za ta jawo wasiƙu masu yawa daga unguwannin Legas da kewayenta. Na zaɓi shida daga cikinsu, na kuma taƙaita tambayoyin domin fili ya isa. Abu guda nake roƙon mai karatu ya riƙe tun daga farko, shi ne shekarun da suka gabaci haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, da baya da baya ake lissafinsu, saboda haka shekara ta 509 ta riga shekara ta 44, kuma duk inda na rubuta K.M. ina nufin kafin Miladiyya.

Tambaya: Wani malamin makarantar Islamiyya daga Agege yana cewa, shin Rumawan da Allah ya ambata a Suratur Rum su ne mutanen Juliyas Kaisar?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, daula ɗaya ce, amma zamanin ya yi nisa da juna, har wurin zaman ma ya sauya. Rum ta asali birni ce a bakin kogin Taiba a ƙasar Italiya, kuma su Rumawa sun riƙe cewa an kafa ta a shekara ta 753 K.M. Ta yi sarakuna bakwai, sannan ta yi kusan shekara 500 tana jamhuriya, sannan mulki ya koma hannun mutum ɗaya daga shekara ta 27 K.M. Da daular ta yi faɗi har ta kewaye tekun Bahar Rum gaba ɗaya, sai sarki Kustantin ya gina sabon babban birni a gabas a shekara ta 330 Miladiyya, wato Kustantiniyya, wadda a yau ake kira Istanbul. Ɓangaren yamma ya rushe a 476, amma na gabas ya ci gaba da tsayuwa har 1453, lokacin da Sarkin Musulmi na Usmaniyya Muhammadu Alfatih ya ci birnin da yaƙi. Mutanen gabas ɗin Girkanci suke yi, addininsu Kiristanci, amma sunan da suke kiran kansu da shi Rumawa ne, kuma da shi Larabawa suka san su.

Su ne waɗanda surar take magana a kansu. Sarkinsu a lokacin shi ne Hiraƙal, wanda ya hau mulki a 610 ya rasu a 641. Farisawa sun rinjaye shi da farko, har suka karɓe Ƙudus a 614, daga baya ya juyo ya karya su a kusa da Ninawa a 627. Shi ne kuma wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aika wa wasiƙa ta hannun Dihyatul Kalbi. Tsakanin kisan Juliyas Kaisar, shugaban Rum da aka kashe a 44 K.M., da hawan Hiraƙal akwai sama da shekara 650. Abin da ya haɗa su shi ne sunan, domin Kaisar sunan gidan su Juliyas ne, sai magadansa suka yi ta ɗaukarsa har ya zama sarauta, kamar yadda Kisra ya zama sunan duk sarkin Farisa a bakin Larabawa.

Tambaya: Wani Alhaji mai sayar da albasa a kasuwar Mil 12 ya rubuto cewa, mu dai mun taso mun ji ana cewa gari ba ya zama ba sarki, to yaya aka yi mutane suka shekara ɗaruruwa ba su da shi, har suka ci ƙasashe da yaƙi?

Amsa: Alhaji, tambayarka ita ce gindin maganar duka, saboda haka zan ɗan daɗe a kanta. Marubutan Rumawa sun ruwaito cewa sarkinsu na ƙarshe, Tarkwin mai girman kai, ya yi mulkin danniya, har ɗansa ya keta mutuncin wata matar aure mai suna Lukreshiya, ita kuma ta kashe kanta saboda baƙin ciki. Manyan gari, ƙarƙashin wani mai suna Burutus, suka kori sarkin da iyalinsa a shekara ta 509 K.M., suka rantse ba za a sake sarki a Rum ba. Daga nan kalmar sarki ta zama abin ƙyama a wurinsu, har ya kasance idan ana son a hallaka ɗan siyasa, sai a yaɗa cewa yana neman sarauta.

Dabarar da suka yi ita ce, ba su zubar da ikon sarki ba, sai suka raba shi biyu, suka kuma yanke masa wa'adi. Kowace shekara ana zaɓen mutum biyu da ake kira konsul, ikonsu daidai, kowannensu yana iya hana abin da ɗan'uwansa ya zartar, kuma da shekara ta cika sai su sauka, a lokacin ne wanda aka zalunta zai iya kai ƙararsu. Mu muna cewa ba a sarki biyu zamani ɗaya, su kuwa da gangan suka yi hakan, domin a ganinsu gara aiki ya tsaya saboda saɓanin mutum biyu da ya tafi da sauri bisa son zuciyar mutum ɗaya. Kowane konsul yana da dogarai goma sha biyu da ke tafiya gabansa ɗauke da damin sanduna da gatari a tsakiya, alamar ikon bulala da kisa, amma idan aka shigo cikin gari sai a cire gatarin, saboda ɗan ƙasa yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara zuwa ga taron jama'a kafin a zartar masa da hukuncin kisa. A ƙarƙashin konsul akwai masu shari'a, akwai masu kula da kasuwanni da tituna da ruwa da bukukuwa, waɗanda aikinsu ya yi kama da na sarkin kasuwa a wurinmu, akwai kuma ma'aji, duk na shekara guda. Sai masu ƙidaya biyu da ake zaɓa duk bayan shekara biyar, su lissafa jama'a da dukiyarsu, su kuma cire sunan duk sanatan da ya zubar da mutuncinsa.

Da yake masu riƙe da muƙamai kullum cikin sauyawa suke, abin da ya riƙe ƙasar wuri ɗaya shi ne majalisar dattawa. Sunanta sanatus, daga kalmarsu ta tsoho ko dattijo. Tana da wakilai kusan 300 a mafi yawan zamanin jamhuriya, yawancinsu waɗanda suka taɓa riƙe muƙami, kuma kujerar ta rai da rai ce. A nan ta bambanta da tamu mai sanatoci 109 da ake zaɓa duk shekara huɗu, wadda a Jamhuriya ta Biyu take zama nan Legas a dandalin Tafawa Balewa. A ƙa'ida majalisar Rumawa shawara kawai take bayarwa, doka kuwa taron jama'a ne ke yin ta, amma tunda baitulmali da karɓar jakadu da rabon larduna duk a hannunta suke, ba kasafai konsul yake iya tsallake shawararta ba, musamman da yake ya san bayan shekara guda cikinta zai koma ya zauna.

Talakawa ba a ba su komai ba sai da suka ƙwata. A shekara ta 494 K.M., da bashi ya yi musu katutu har ana bautar da wanda ya kasa biya, sai suka fice daga gari gaba ɗaya suka sauka a wani tudu, suka ƙi zuwa yaƙi, abin da a yau za mu kira yajin aiki. Masu sarauta suka ga babu sojoji, dole suka yarda talakawa su riƙa zaɓen wakilansu da ake kira tiribun, waɗanda daga baya suka kai goma. Jikin tiribun haramun ne a taɓa shi, ƙofar gidansa a buɗe take dare da rana domin mai neman mafaka, kuma yana iya dakatar da aikin kowane mai muƙami da kalma ɗaya mai ma'anar na hana, ita ce asalin abin da kuke ji a rediyo ana kira hawa kujerar na-ƙi. Bayan haka suka matsa har aka rubuta dokoki a alluna goma sha biyu a 451 da 450 K.M. aka kafe su a dandali, domin kada alƙali ya riƙa fito da doka daga aljihunsa. A 367 K.M. aka buɗe wa talaka kujerar konsul, a 287 K.M. kuma abin da taron talakawa ya yanke ya zama doka a kan kowa. Duba tsawon lokacin, sama da shekara 200 ana ja ana sassautawa, kuma a iya abin da aka ruwaito ba a kai ga yaƙin basasa ba. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a tarihinsu duka.

Idan kuwa masifa ta taso wadda ke buƙatar hannu ɗaya, sukan naɗa diktato, mai cikakken iko, amma na wata shida kacal. Labarin da suke koya wa 'ya'yansu shi ne na Sinsinatus, wanda aka je aka same shi yana huɗa a gonarsa a 458 K.M., ya karɓi iko, ya ceto rundunar da maƙiya suka yi wa zobe, bayan kwana goma sha shida ya ajiye muƙamin ya koma ga garmarsa.

Tambaya: Wani direban tanka da ke lodi a Apapa yana son ya sani ko su ma suna sayen ƙuri'a, ko kuwa cutar ta zamaninmu ce.

Amsa: Ɗan'uwa, cutar tsohuwa ce, kuma tun daga tsarin zaɓen nasu akwai gurguntaka. Wajen zaɓen konsul ana raba jama'a rukuni 193 bisa ga dukiya, kowane rukuni ƙuri'arsa ɗaya. A tsarin farko mahayan dawakai da masu dukiya ajin farko suna da rukuni 98, wato fiye da rabi, su ne kuma suke fara jefawa, ana tsayar da zaɓe da zarar an sami rinjaye, alhali duk waɗanda ba su mallaki komai ba an cusa su a rukuni ɗaya tak na ƙarshe, wanda sau da yawa ba a ma kai kansa. Akwai kuma wani taron jama'a na daban da ake raba shi mazaɓu 35, huɗu na cikin birni, 31 na karkara, amma dole mutum ya zo Rum da ƙafarsa ya jefa ƙuri'a. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin mota daga Legas zuwa Kano ko Sakkwato domin zaɓe ya san cewa irin wannan sharaɗi shi kaɗai ya isa ya tace masu zaɓe, mai hali ya je, manomin da ke tsakiyar girbi ya zauna. Ƙuri'ar asiri ma ba ta shigo ba sai a 139 K.M., kafin nan da baki ake faɗa a gaban jama'a.

Ɗan takara yakan sa mayafi fari fat wanda aka goge da alli, ya riƙa zagaya dandali yana gaisawa da mutane, a gefensa akwai bawa wanda aikinsa kawai ya riƙa raɗa masa sunan duk wanda ke tahowa. Kowane babban mutum yana da barori, waɗanda ke cika zaurensa da sassafe su gaishe shi, ya ba su abin cefane, ya tsaya musu a kotu, su kuma su raka shi dandali, ranar zaɓe su biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban da wannan akwai dillalai sanannu da ake damƙa wa kuɗi su raba mazaɓa mazaɓa. An yi dokoki da yawa na hana hakan, kuma yawan dokokin shi ne shaidar cewa ba su yi aiki ba. Sisaro, wani shahararren lauya kuma ɗan siyasa, ya rubuta wa wani amininsa a 54 K.M. cewa saboda bashin da 'yan takara ke ci domin zaɓe, kuɗin ruwa ya tashi daga kashi 4 zuwa kashi 8 cikin ɗari.

Muƙaman ba su da albashi, ga kuma kashe kuɗi a bukukuwa don a burge jama'a. Juliyas Kaisar, lokacin da yake kula da bukukuwa a 65 K.M., an ruwaito ya fito da 'yan faɗan takobi 640, biyu-biyu, a wasa ɗaya, kuma bashi ya yi masa yawa har masu binsa suka hana shi tafiya lardinsa a Andalus sai da wani attajiri mai suna Karasus ya tsaya masa. To daga ina za a mayar da kuɗin? Daga larduna. Wanda ya gama wa'adinsa a Rum akan tura shi gwamna wata ƙasa da aka ci da yaƙi, inda babu tiribun, babu ɗaukaka ƙara. An kafa kotu ta musamman a 149 K.M. don irin waɗannan gwamnoni, amma masu yanke hukuncin sau da yawa abokan waɗanda ake tuhuma ne. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Beres, wanda ya yi gwamnan tsibirin Sisili shekara uku yana wawushe hatsi da kayan ɗakunan bauta. Sisaro, wanda ya tsaya wa mutanen Sisili a 70 K.M., ya shaida wa kotu cewa Beres yana alfahari da cewa abin da ya tara a shekara ta farko nasa ne, na biyu na lauyoyinsa, na uku kuma na alƙalai. Shaidu suka yi masa yawa, bai jira hukunci ba ya tsere zuwa Masiliya, wato Marsai ta Faransa a yau, ya zauna can da abin da ya samu ya kwashe.

Tambaya: Wata malamar firamare daga Idi-Araba tana tambaya ko mata suna da ta cewa a siyasar Rumawa.

Amsa: Malama, a doka ba su da ita, domin mace ba ta jefa ƙuri'a, ba ta riƙe muƙami, ba ta shiga majalisa. Amma sun san hanyar da ake jin muryarsu. A lokacin yaƙinsu da Hanibal, kwamandan birnin Kartaj, an yi dokar da ta taƙaita zinariyar da mace za ta mallaka da irin tufafin da za ta sa, yaƙi ya ƙare aka bar dokar, sai a 195 K.M. mata suka cika titunan da ke shiga dandali, suka tsare ƙofofin tiribun biyu da ke son hana soke ta, ba su tashi ba sai da aka soke, duk da adawar konsul Kato. A 42 K.M. kuma, da aka ɗora wa mata masu dukiya 1,400 harajin yaƙin basasa, wata mai suna Hortensiya ta tsaya a dandali ta ce bai kamata a karɓi kuɗin waɗanda ba a ba su rabo a mulki ba domin yaƙin da ba su suka tayar ba, washegari aka rage adadin zuwa 400.

Tambaya: Wani ɗalibi da ke karatu a Akoka ya ce shi da abokansa sun yi musu, wasu na cewa Juliyas Kaisar azzalumi ne da ya rusa jamhuriya, wasu na cewa Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shi (ba wancan da ya kori sarki Tarkwin ba), shi ne maci amana. Wane ne mai gaskiya?

Amsa: Ɗana, kafin a yi wa Kaisar hukunci sai an duba gidan da ya tarar, domin ruwa ba ya tsami banza. Sojan Rum a da manomi ne mai gonarsa, yana sayen makaminsa da kansa, ya je yaƙi ya dawo gona. Da yaƙe-yaƙe suka yi nisa, musamman bayan rushe Kartaj ta ƙasar Tunisiya a 146 K.M., sai soja ya riƙa shekaru bai dawo ba, gonarsa ta mutu, attajiran da ganima ta cika wa aljihu su saye ta su zuba bayi. A 133 K.M. tiribun Tibiriyas Girakus ya kawo doka cewa kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da kimanin hekta 125 na ƙasar gwamnati, a raba sauran ga marasa gona. Dokar ta wuce, amma da ya nemi tazarce sai wasu sanatoci da barorinsu suka far masa da kulake da ƙafafun benci, suka kashe shi da magoya bayansa kusan 300, aka zuba gawarwakin a kogi. Ƙanensa Gayus ya bi sawunsa, shi ma ya hallaka a 121 K.M. A ra'ayina ranar da aka kashe Tibiriyas ce aka karya ƙashin bayan jamhuriyar, domin waɗanda suka fi kowa cin moriyar doka su ne suka fara nuna cewa ana iya ture ta da kulki, kuma wanda suka kashe ɗin mutum ne da dokarsu ta haramta ko taɓa jikinsa.

Sauran ya biyo baya. Kwamanda Mariyas, wanda ya yi konsul har sau bakwai, ya ɗebi marasa gona aikin soja a 107 K.M., kuma irin wannan soja idonsa yana kan kwamandan da zai samo masa fili idan ya ajiye makami, tunda majalisa ba ta yarda ta yi masa tanadi ba. A 88 K.M. wani kwamanda mai suna Sulla ya juyo da rundunarsa ya shiga Rum da ita, abin da ba a taɓa yi ba, daga baya ya zama diktato marar wa'adi, ya riƙa kafe sunayen abokan gabarsa a dandali, duk wanda ya kawo kan ɗayansu a ba shi lada, a kuma ƙwace dukiyar mamacin. Zuwa lokacin Kaisar 'yan bangar siyasa ne ke riƙe da tituna, har a 52 K.M., da aka kashe jagoran wani ɓangare mai suna Kulodiyas, magoya bayansa suka ƙona gawarsa a cikin zauren majalisa, zauren ya ƙone tare da ita.

Kaisar ya haɗa kai da babban kwamanda Fompi da Karasus a 60 K.M. suka raba ƙasar a tsakaninsu, ya yi konsul a 59, sannan ya shafe shekaru tun daga 58 zuwa 50 yana cin ƙasar Gol, wato Faransa da Beljiyam na yau, da zubar da jini mai ban tsoro, har wani marubucin Girka ya ce an kashe miliyan guda an kuma bautar da miliyan guda. Da majalisa ta umarce shi ya ajiye runduna, ya san shari'a ke jiransa, sai ya tsallaka ɗan kogin Rubikon da sojoji a watan Janairu na 49 K.M., yaƙin basasa ya ɓarke. Ya karya Fompi a Girka a 48, Fompi ya gudu Masar aka kashe shi a can. Kaisar bai yi irin ta Sulla ba, ya yafe wa maƙiyansa, cikinsu har da Burutus da Kasiyas, ya ba su muƙamai. Ya gyara kalanda ta zama kwana 365 da ƙarin kwana ɗaya duk shekara huɗu, ya sassauta basussuka, ya samar wa dubban talakawa filaye a ƙetare, ya tace jerin masu karɓar hatsi kyauta daga 320,000 zuwa 150,000. Amma ya cika majalisa da mutanensa har ta kai 900, ya sa hoton kansa a kuɗi, kuma a watan Fabrairu na 44 K.M. ya karɓi muƙamin diktato na har abada, muƙamin da Sinsinatus ya riƙe kwana goma sha shida. Ranar 15 ga Maris sanatoci kusan sittin suka haɗa baki, aka soke shi sau 23 a zauren taron majalisa.

Saboda haka kowane ɓangare a cikinku yana da rabin gaskiya. Kaisar ya ɗora girman kansa a sama da dokar ƙasarsa, kuma ya san dubban da za su mutu kafin ya tsallaka kogin. Burutus kuwa ya soki mutumin da ya yafe masa rai, sannan 'yancin da yake karewa yawancinsa 'yancin wasu gidaje ne kaɗan na su ci gaba da juya ƙasa, shi ya sa talakawan birni ba su tashi sun mara masa baya ba. Ba su kuma tanadi komai na washegari ba. Yaƙi ya sake ɓarkewa, aka kashe Sisaro a watan Disamba na 43, aka kafe kansa da hannuwansa a kan mumbarin da ya saba jawabi, Burutus da Kasiyas suka mutu a 42, daga ƙarshe Oktabiyan, jikan 'yar'uwar Kaisar wanda ya ɗauka ɗa a wasiyyarsa, ya karya Antoni, tsohon na hannun daman Kaisar, da Kiliyofatira sarauniyar Masar a 31 K.M. Shi ya ɗauki darasi daga abin da ya sami Kaisar. Bai kira kansa sarki ba, ya ce shi na farko ne kawai a cikin 'yan ƙasa, ya bar majalisa tana zama, ana zaɓen konsul kowace shekara, shi kuma ya riƙe runduna da ikon tiribun a hannunsa. A 27 K.M. majalisa ta ba shi laƙabin Ogustus, ya yi mulki har ya rasu a shekara ta 14 Miladiyya. Watannin Yuli da Agusta da muke rubutawa a takardunmu sunayen waɗannan mutum biyu ne.

Tambaya: Wani dattijo daga Agege ya ce kakansa fataucin goro ya kawo shi, shi da mahaifinsa duk a nan aka haife su, amma har yau idan zaɓe ya zo sai ya ji ana kiransa baƙo. Yana son ya ji yadda Rumawa suka yi da baƙinsu.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, tambayarku ta taɓa ni, kuma tarihin Rum yana da abin cewa a kanta. Ta wani gefen sun fi duk maƙwabtansu buɗe ƙofa, domin bawan da ubangidansa ya 'yanta bisa ƙa'ida yana zama ɗan ƙasa mai ƙuri'a, abin da biranen Girka ba su yarda da shi ba. Ta wani gefen kuma sun daɗe suna rowar wannan haƙƙi ga mutanen sauran garuruwan Italiya, waɗanda ke ba da aƙalla rabin sojojin da Rum ke yaƙi da su, amma ba su da ƙuri'a, har akan yi doka a kore su daga birni, kamar yadda aka yi a 126 K.M. A 91 K.M. wani tiribun mai suna Durusus ya nemi a ba su 'yancin zama 'yan ƙasa, aka soke shi da wuƙa a ƙofar gidansa, sai garuruwan suka yi tawaye, suka kafa babban birninsu, suka buga kuɗinsu. An yi shekaru ana zubar da jini tsakanin mutanen da suka saba tsayawa sahu ɗaya a fagen fama, kuma tun yaƙin bai ƙare ba Rum ta ba da abin da ta hana, ta hanyar dokar 90 K.M. Ko bayan haka sai da aka yi ƙoƙarin cusa sababbin 'yan ƙasar a mazaɓu kaɗan domin ƙuri'arsu ta rasa nauyi, aka sake rikici kafin a rarraba su cikin 35 ɗin. Ƙidayar 115 K.M. ta sami 'yan ƙasa kimanin 394,000, ta 70 K.M. kuwa ta sami 910,000.

Doka ta sauya, amma bakin mutane bai sauya nan da nan ba. Sisaro ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Arfinum, garin da ya sami cikakken 'yanci tun kafin a haife shi, kuma ya hau har kujerar konsul a 63 K.M. ba tare da wani kakansa ya taɓa riƙe ta ba, amma duk da haka Katilina, ɗan tsohon gidan sarauta wanda Sisaro ya tona asirin juyin mulkinsa, ya tsaya a majalisa ya kira shi ɗan haya a birnin Rum. Na san wannan kalma ba baƙuwa ba ce a kunnenku. Abin da na gani a tarihin shi ne, duk lokacin da Rum ta rufe ƙofa sai ta biya da jini, kuma ƙarfin da ta yi na ɗaruruwan shekaru daga waɗanda ta shigo da su ya fito, kuma ina ganin mutumin da aka haifi mahaifinsa a gari, yake biyan haraji a cikinsa, ya binne iyayensa a ƙasarsa, ya wuce a kira shi baƙo.

A shekara ta 48 Miladiyya sarki Kalaudiyas ya tsaya a majalisa yana kare shigar manyan mutanen Gol cikinta, yana tuna wa sanatoci cewa wasu daga cikin sarakunan Rum na farko ma daga waje suka zo, kuma an tono wannan jawabi a rubuce a kan allon tagulla a birnin Liyon na Faransa. A 98 Tarajan, haifaffen Andalus, ya hau gadon mulki. A 193 Saftimiyas Seberus, ɗan garin Labda da ke gaɓar tekun Libiya, ya zama Kaisar, ɗansa Karakala kuma ya ba kusan duk wani ɗa da ke cikin daular 'yancin zama ɗan ƙasa a 212, ko da yake wani marubucin zamaninsa ya ce neman ƙarin masu biyan haraji ne ya sa shi. Da birnin Rum ya cika shekara dubu da kafuwa, wanda ya jagoranci bikin a shekara ta 248 shi ne sarki Filibus, wanda aka haifa a wani ƙauye na kudancin Sham, kuma Rumawa da kansu Balarabe suke kiransa.